Ga kati a hannu, babu abin hawa: Yadda nisa ke cinye ƙuri'un 'yan Najeriya

Duk wanda ya taɓa leƙa titi da safiyar ranar zaɓe a Kano, Kaduna ko Abuja ya san yanayin. Kwalta wayam, babu bas, babu A Daidaita Sahu, sai yara da suka jera duwatsu suka mayar da babban titi filin ƙwallo. Jefi-jefi motar jami'an tsaro ko ta masu sa ido ta wuce, yaran su kauce, sannan su ci gaba da wasansu.

Ga wanda rumfar zaɓensa ke makarantar firamaren da ke bayan gidansu, wannan shirun bai dame shi ba. Amma wanda tasa rumfar ke can wata unguwa, ko wata ƙaramar hukuma, ko ma wata jiha, shirun titin na nufin bana babu shi a cikin masu zaɓe.

A zaɓen shugaban ƙasa na ranar 25 ga Fabrairun 2023, hukumar zaɓe INEC na da mutum miliyan 93.4 a rajistarta, kuma fiye da miliyan 87 sun karɓi katinsu. Waɗanda suka kaɗa ƙuri'a ba su cika miliyan 25 ba, wato kusan kashi 27 cikin ɗari, mafi ƙaranci tun komawa mulkin farar hula a 1999. A 2011 an samu kusan kashi 54, a 2015 kusan kashi 44, a 2019 kuma kusan kashi 35.

Dalilan suna da yawa, kuma an sha tattauna su: fargabar rikici, yanke ƙauna daga 'yan siyasa, da sunayen mamata da har yanzu ke cikin rajista. Sai dai akwai wata tambaya mai sauƙi da ba a cika tsayawa a kanta ba: mutumin da ke da kati, ke kuma da niyya, da me zai isa rumfar?

Dokar da ta tsayar da kowa

Gabanin zaɓen 2023, Sufeto Janar na 'yan sanda na lokacin, Usman Alkali Baba, ya ba da umarnin taƙaita zirga-zirgar ababen hawa daga ƙarfe 12 na dare zuwa 6 na yammacin ranar zaɓe. An ware ma'aikatan INEC, masu sa ido, motocin asibiti, 'yan kwana-kwana da sauran masu aikin gaggawa. Mai zaɓe, wanda dominsa aka shirya ranar, ba ya cikin jerin.

Hujjar da ake bayarwa ba ta banza ba ce. Tarihin zaɓe a ƙasar nan cike yake da satar akwati da safarar 'yan daba daga wannan mazaɓa zuwa waccan, kuma duk da mota ko babur ake yin su. Idan titi ya zama fayau, duk motar da ta motsa ido zai kai kanta.

Matsalar ita ce dokar ta fi kama mai bin doka. A zaɓen cike giɓi na gwamnan Kano ranar 23 ga Maris 2019, 'yan jarida da masu sa ido sun ba da rahoton gungun matasa ɗauke da makamai a mazaɓar Gama da ke ƙaramar hukumar Nassarawa. Taƙaita zirga-zirga ba ta hana su isa wurin ba. Wanda takan hana shi ne dattijon da gwiwarsa ba za ta kai shi ba, da matar da ke da goyo, da direban A Daidaita Sahun da ya san idan ya fito za a iya kama kekensa.

Akwai kuma batun doka. Sashe na 41 na kundin tsarin mulki ya bai wa kowane ɗan ƙasa 'yancin zirga-zirga. A watan Maris na 2015 Babbar Kotun Tarayya da ke Legas ta yanke hukuncin cewa tsare mutane a gida ranar tsaftar muhalli ta ƙarshen wata ba shi da madogara a doka. Wancan hukunci kan shara ne, bai shafi zaɓe ba, amma ya nuna cewa rufe titi da sanarwa kawai abu ne da za a iya tuhuma.

An tsara zaɓen Najeriya ne bisa zaton cewa kowa na zaune kusa da inda ya yi rajista. Rumfa na buɗewa ƙarfe 8:30 na safe, a rufe layi ƙarfe 2:30 na rana, duk wanda ke kan layi a lokacin ya yi zaɓe. Sa'o'i shida ke nan, kuma a ƙafa ake sa ran kowa ya zo. Tsarin zai yi daidai da a ce mutane ba sa tashi daga inda suke, alhali kuwa ƙaura ita ce rayuwar yawancin talakawa.

Mutum na Legas, katinsa na Katsina

Ɗauki misalin ɗan ci-rani. Ya yi rajista a ƙauyensu da damina, lokacin yana gida yana noma. Da kaka ta wuce ya tafi Legas, Fatakwal ko Abuja yana dako, ko gadi, ko turin baro. Zaɓe kuwa an saba yin sa a Fabrairu da Maris, daidai tsakiyar rani, lokacin da ƙauyukan Arewa suka fi zama babu matasa.

Tsakanin Legas da Kano tafiya ce ta kusan kilomita dubu. Kuma zuwa ɗaya ba ya isa, domin zaɓen shugaban ƙasa da na gwamnoni ba rana ɗaya ake yi ba. A 2023 an ɗage na gwamnoni daga 11 zuwa 18 ga Maris, tazarar ta zama mako uku. Ɗan ci-rani ko dai ya biya kuɗin mota zuwa da dawowa sau biyu, ko ya zauna gida kusan wata guda babu sana'a, ko ya haƙura. Ba sai an yi dogon lissafi ba kafin a gane wanda yawanci za su zaɓa.

Waɗanda suka taɓa yin wannan sadaukarwa ma sun ɗanɗana kuɗarsu. A 2019 INEC ta ɗage zaɓen shugaban ƙasa daga 16 zuwa 23 ga Fabrairu cikin dare, 'yan sa'o'i kafin buɗe rumfuna, bisa dalilin matsalar jigilar kayan aiki. Mutane sun riga sun rufe shaguna, sun biya mota, sun kwana a garuruwansu. Da gari ya waye sai suka ji babu zaɓe. Babu wanda ya mayar musu da ko kwabo.

Na 2023 kuwa ya zo a tsakiyar canjin kuɗi. Babban Bankin Najeriya ƙarƙashin Godwin Emefiele ya sauya fasalin takardun naira 200, 500 da 1,000, aka janye tsofaffin, sababbin kuma suka yi wuyar gani. Ga dogayen layuka a gidajen mai. A tasha, direba na son kuɗi a hannu, fasinja na da kuɗi a banki, masu POS kuma na sayar da naira da naira. Sai ranar 3 ga Maris, bayan an gama zaɓen shugaban ƙasa, Kotun Ƙoli ta ce tsofaffin kuɗin su ci gaba da aiki har ƙarshen shekara.

Tun daga lokacin tafiya ta ƙara tsada. Kafin Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, farashin gwamnati na litar fetur bai kai naira 200 ba. Cikin kwanaki ya kai wajen 500, a 2024 kuma ya haura 1,000. Zaɓen 2027 shi ne babban zaɓe na farko da za a yi da farashin man da babu tallafi a cikinsa.

A takarda, akwai mafita. Mai zaɓe na iya neman a mayar da rajistarsa zuwa inda yake zaune, kuma tun 2021 INEC ta buɗe shafin intanet da ake fara cike buƙatar a kai. Amma ana rufe wannan ƙofa watanni da yawa kafin zaɓe. Na 2023 an rufe rajista tun ƙarshen Yulin 2022, lokacin da ɗan ci-rani ke gona, bai ma san garin da zai faɗa da rani ba. Wasu kuma da gangan suke barin katin a gida, domin gwamnan jiharsu da ɗan majalisar yankinsu ne suka dame su, kuma suna da gaskiyarsu.

Ko a cikin birni ɗaya abin na faruwa. Doka ta yarda mutum ya yi rajista a inda yake zaune, ko inda yake aiki, ko asalin garinsu. Ma'aikata da yawa a Abuja sun yi tasu kusa da ofis saboda nan suke wuni, alhali kwanansu na Mararaba, Masaka, Madalla ko Suleja. Ranar Litinin tafiyar bas ɗaya ce ko biyu. Ranar zaɓe kuwa tafiyar ƙafa ce ta fiye da kilomita goma, ga shingayen jami'an tsaro a hanya. Haka wanda ya yi rajista a cikin birnin Kano yana saurayi, ya yi aure ya koma haya a Ɗanbare ko Rijiyar Zaki. Dabarar da wasu ke yi ita ce su kwana gidan iyaye daren Juma'a. Mai iyali da ƙananan yara ba kullum yake iya hakan ba.

Sababbin rumfuna, tsohon cunkoso

A nan dole a yaba wa INEC kan abu ɗaya. Daga 1996 har zuwa 2021 ƙasar na amfani da rumfunan zaɓe 119,974, duk da yadda jama'a suka ƙaru, birane suka faɗaɗa. A 2014 hukumar ƙarƙashin Farfesa Attahiru Jega ta yi yunƙurin ƙara kusan dubu 30, amma rigimar wane yanki ya fi samu ta sa aka jingine shirin.

A watan Yunin 2021, ƙarƙashin Farfesa Mahmood Yakubu, aka ƙara rumfuna 56,872, jimilla ta zama 176,846. An kuma ɗauke ɗaruruwan rumfuna daga gidajen mutane, fadodin sarakuna da wuraren ibada zuwa wuraren da kowa ke da iko da su.

Sai dai kafa rumfa daban, kai mata masu zaɓe daban. Gab da zaɓen 2023 hukumar ta sanar cewa rumfuna 240 ba su da mai zaɓe ko ɗaya, don haka a 176,606 aka yi zaɓen. Wasu sababbin na da mutane ƙalilan, alhali tsofaffin na nan da fiye da dubu. Da hukumar ta kwashi wasu masu zaɓe daga rumfuna masu cunkoso ta rarraba su, ta buƙaci kowa ya duba sabuwar rumfarsa ta intanet ko saƙon waya. Da yawa ba su ji sanarwar ba. Sai mutum ya taka zuwa inda ya saba, ya duba takardar da aka liƙa a bango, babu sunansa, a ce masa ya gwada gaba. A ranar da babu abin hawa, "gwada gaba" na iya cinye sauran lokacin zaɓen.

A karkara kuwa lissafin yawan mutane ba ya nuna nisa. Rumfa na iya zama da masu zaɓe 400 kacal, amma sun fito ne daga ƙananan ƙauyuka da rugage da ke warwatse. A yankunan bakin kogi na Kebbi, Neja, Kwara da Taraba, wasu sai sun shiga kwale-kwale, kuma hatsarin da aka yi kusa da Warrah a Mayun 2021 da na Patigi a Yunin 2023, inda aka rasa rayuka masu yawa, sun isa su nuna irin jiragen da jama'a ke dogaro da su.

Nisa kaɗan ma na da tasiri. Wani masanin tattalin arziki, Enrico Cantoni, ya yi nazari a jihohin Massachusetts da Minnesota na Amurka, ya gano cewa ƙarin tazarar kusan mita 400 tsakanin gida da rumfa na rage ƙuri'un da ake kaɗawa da kashi 2 zuwa 5 cikin ɗari. Wani binciken a jihar Michigan ya nuna cewa a zaɓen 2018 kashi 66 na masu mota sun yi zaɓe, marasa mota kuwa kashi 36. Wannan fa a ƙasar da ba a rufe titi ranar zaɓe ke nan.

Gatan da ke farawa a bakin layi

Ƙa'idar INEC ta ce a fara sallamar tsofaffi, masu juna biyu, masu shayarwa da masu buƙata ta musamman. Hukumar na kuma raba kayan taimako irin su jagorar ƙuri'a ta makafi da gilashin ƙara girman rubutu. Duk wannan gata na wanda ya iso layi ne.

Gurgun da ke tuƙa kekensa da hannu a cikin rairayi, ko makahon da ɗan jagoransa bai fito ba, ko tsohuwar da ciwon ƙafa ya kwantar, babu wani tanadi da ke ɗauko su daga ƙofar gida. A rajistar 2023 INEC ta lissafa masu buƙata ta musamman kusan dubu 85 ne kacal a cikin miliyan 93, adadin da shi kansa ke nuna cewa yawancinsu ko wurin rajistar ba su kai ba, ko kuma ba a rubuta larurarsu ba.

Abin mamaki, Dokar Zaɓe ta 2022, wadda aka yi zaɓen 2023 da ita, ta ambaci yiwuwar kaɗa ƙuri'a a wajen rumfa ga irin waɗannan mutane idan hali ya kama. Kalmomin na cikin sashe na 54. Babu dai wani tsari na ƙasa baki ɗaya da aka gani na bin marasa lafiya gida.

Sai waɗanda rikici ya raba da muhallinsu. Tun 2015 INEC ta fito da tsarin zaɓen 'yan gudun hijira, aka fara da Borno, Yobe da Adamawa, inda ake kafa cibiyoyi a sansanoni. A Zamfara, Katsina, Sakkwato da gabashin Neja da yawa daga waɗanda 'yan bindiga suka kora ba sansani suke ba. Suna raɓe ne a gidajen dangi, kangwaye da makarantu a hedikwatar ƙaramar hukuma. Rumfarsu na can ƙauyen da suka gudo daga ciki, a kan hanyar da ko ranar kasuwa sai da addu'a ake bi. Babur ne abin hawan da ke kaiwa can, shi ne kuma abin da gwamnatocin jihohin suka fi taƙaitawa saboda 'yan bindiga, kamar yadda aka yi a Zamfara da Katsina a 2021.

Ita ma hukumar jiran direba take

INEC ba ta da motocin da za su kai ma'aikata da kaya rumfuna dubu 176 a safiya ɗaya. A Disambar 2022 ta sanya hannu kan yarjejeniya da ƙungiyar direbobi ta NURTW, ƙungiyar masu motocin haya ta NARTO da ƙungiyar ma'aikatan jiragen ruwa, inda shugabanta ya ce ana buƙatar motoci fiye da dubu 100 da jiragen ruwa kusan 4,200.

Ranar zaɓen, ƙungiyar sa ido ta Yiaga Africa ta ce zuwa ƙarfe 9:30 na safe, sa'a guda bayan lokacin buɗewa, ƙasa da rabin rumfunan da ta sa wa ido ne suka fara aiki. Hukumar da kanta ta amince an samu matsalar jigila a wurare da dama. Ga wanda ya tako daga nesa, ya bar yara ko dabbobi a gida, jiran sa'o'i uku a rana babu tabbas ya isa ya sa shi juyawa.

Waɗannan direbobi, tare da 'yan yi wa ƙasa hidima da sauran ma'aikatan wucin gadi fiye da miliyan ɗaya, da jami'an tsaro da 'yan jarida, kusan duka ba sa samun yin zaɓe, domin aikin ya kai su nesa da rumfunansu. A Gana irin waɗannan ma'aikata na da ranarsu ta musamman kwanaki kaɗan kafin babban zaɓe. INEC ta sanya irin wannan tsari cikin shawarwarin da ta fitar bayan bitar zaɓen 2023.

Motar ɗan takara

Inda hukuma ta bar giɓi, ɗan siyasa ne ke cikewa. Ba ɓoyayyen abu ba ne cewa kwana biyu ko uku kafin zaɓe akan ga bas-bas na kyauta a tashoshi da unguwannin Hausawa na kudu, suna kwasar mutane zuwa gida. A ƙauye kuma wakilin jam'iyya ya san gidan da ke da tsohuwa, ya san matan da ba za su fito ba sai an aiko da mota.

Wani zai ce ai taimako ne, kuma lallai akwai mutanen da ba don wannan motar ba da ba su yi zaɓe ba. Amma ɗan takara ba ya aika mota unguwar da ya san ba tasa ba ce. Shi ke zaɓar wanda zai isa rumfa, tun kafin mai zaɓe ya zaɓe shi. Sannan wanda aka ɗauko, aka ciyar, aka kuma yi wa alƙawarin mayarwa, da wuya kunya ta bar shi ya dangwala wa wani. Kalmar "kuɗin mota" ma ta zama rigar da sayen ƙuri'a ke sawa idan zai fita cikin mutane.

Dokar Zaɓe ta 2022 ta haramta amfani da mota ko jirgin ruwan gwamnati, ko na wata hukumarta, wajen kai mutane wurin rajista ko rumfar zaɓe, da tarar da ta kai naira dubu 500 ko ɗaurin wata shida. Manufar a fili take: kada mai mulki ya yi yaƙin neman zaɓe da dukiyar jama'a. Amma idan aka haɗa ta da umarnin 'yan sanda, sakamakon shi ne motar gwamnati haramun, motar haya haramun, saura ƙafa, sai kuma motar mai ƙarfin da shinge ba ya tsayar da ita.

Abin da Birazil ta gwada

Birazil ta fuskanci irin wannan matsala, har da iyayen gidan siyasa na karkara masu kwasar talakawa a manyan motoci. A 1974 ta yi dokar da ta hana 'yan takara da jam'iyyu jigilar masu zaɓe, ta ɗora aikin a wuyan hukumar shari'ar zaɓe. Hukumar na karɓar motocin gwamnati, ta liƙa musu alamar cewa aikinta suke yi, ta wallafa hanyoyi da lokutan tashi kwana 15 kafin zaɓe, ta kwaso mutanen karkara da ke da nisan aƙalla kilomita biyu daga rumfa, kyauta. Motar gwamnati ce, amma linzaminta ba ya hannun gwamna.

A zaɓen 2022 batun ya shigo birane. Kotun ƙolin ƙasar ta ba ƙananan hukumomi damar sanya bas kyauta, kuma a zagaye na biyu ranar 30 ga Oktoba manyan biranen jihohi suka yi hakan. A ranar ce kuma 'yan sandan manyan hanyoyi suka riƙa tare bas-bas, musamman a arewa maso gabas inda Lula da Silva ke da rinjaye, duk da umarnin hana su da shugaban kotun zaɓe Alexandre de Moraes ya bayar. An kama shugaban rundunar, Silvinei Vasques, a Agustan 2023 kan wannan batu. A Oktoban 2023 kotun ƙoli ta wajabta sufuri kyauta ranar zaɓe.

Kada dai a ɗauka bas kyauta maganin komai ne. Masu bincike na cibiyar Ipea ta gwamnatin ƙasar sun kwatanta garuruwan da suka ba da bas kyauta da waɗanda ba su bayar ba, ba su ga wani bambanci na a zo a gani ba a yawan fitowa. Amma a Birazil zaɓe wajibi ne, kusan kashi 80 na fitowa dama, kuma motoci na yawo ranar. Yanayinmu ya sha bamban.

Indiya ta bi ta ɗaya ɓangaren: maimakon kai mutum rumfa, a kawo rumfa kusa da shi. Ƙa'idar hukumar zaɓenta ita ce kada mai zaɓe ya yi tafiyar fiye da kilomita biyu, har takan kafa rumfa a dajin Gir na jihar Gujarat saboda mutum ɗaya. A zaɓen 2024 ta bai wa masu shekara 85 zuwa sama da masu larura mai tsanani damar kaɗa ƙuri'a a gida. Afirka ta Kudu ma na bin marasa lafiya, masu buƙata ta musamman da masu juna biyu har gida a kwanaki biyu kafin zaɓe, ga wanda ya nema tun da wuri.

Kafin 2027

Wasu gyare-gyaren sai majalisa ta sa hannu, wasu kuwa sanarwa kawai suke buƙata. Mafi sauƙi shi ne umarnin 'yan sanda. Ana iya rufe manyan hanyoyin da ke tsakanin jihohi da ƙananan hukumomi, inda safarar 'yan daba ta fi haɗari, a bar A Daidaita Sahu da ƙananan bas su yi aiki a cikin gari. Idan ana tsoro, INEC ta tantance wasu ta ba su takardar shaida kamar yadda take bai wa motocin 'yan jarida da masu sa ido, a fara da ɗaukar tsofaffi da masu buƙata ta musamman. Ƙungiyoyin direbobin na da rajistar mambobinsu tasha-tasha, kuma hukumar ta riga ta saba aiki da su.

Wannan ma da nasa haɗarin, domin shugabannin tasha a jihohi da dama 'yan siyasa ne a fili. An ga haka a Legas gab da zaɓen 2023, lokacin da aka yi ta ce-ce-ku-ce har zuwa kotu kan bai wa kwamitin tashoshin jihar jigilar kayan zaɓe. Shi ya sa wallafa hanya da lokaci tun da wuri, kamar yadda dokar Birazil ta tanada, ke da muhimmanci: wakilin kowace jam'iyya zai iya gani ko an tsallake wata unguwa.

Tafiya mai nisa ma ba a rasa abin koyi ba. A Disambar 2023 gwamnatin tarayya ta biya rabin kuɗin manyan bas na tsakanin jihohi, ta kuma sanya jirgin ƙasa kyauta saboda bukukuwan ƙarshen shekara. Ashe hanyar yin abin na nan. Sai dai rangwamen da shugaba mai neman tazarce ya sanar mako guda kafin zaɓe sunansa yaƙin neman zaɓe, don haka dole doka ce za ta kafa shi, ya zama ana yi kowane zaɓe ko wa ke mulki.

Mafi arha a cikinsu shi ne wanda ba ya buƙatar mota ko ɗaya: INEC ta tsawaita lokacin sauya rumfa zuwa kusa da zaɓe, ta kai teburin sauyin tasoshin mota, kasuwanni da unguwannin 'yan ci-rani maimakon jiran su a ofishin ƙaramar hukuma. Ta kuma auna tazarar da ke tsakanin kowane ƙauye da rumfarsa ta wallafa. Hukumar ta riga ta ɗauki bayanan taswirar rumfunanta lokacin faɗaɗawar 2021, don haka abin da ya rage shi ne ta faɗi iyakar nisan da ta amince mai zaɓe ya taka, sannan ta nuna rumfuna nawa ne suka wuce wannan iyaka.